Taliyar da Ba a Tafasawa

Shekara talatin da ɗaya Nunzia tana suyar taliya a gidan abincin nan na bakin teku a birnin Bari na Italiya, ba ta taɓa tafasa ta ba. Ɗanya take shimfiɗa ta a baƙin kaskon ƙarfe, da mai da tafarnuwa da barkono, ta bar ta ta kama har ta soma ƙonewa, sannan ta riƙa ba ta romon tumatir ludayi-ludayi. Minti ashirin da biyar ne, ko gwamna ya zo sai ya jira.

Sai ga Vitantonio, ɗan mai wurin, yaron da ita ta sha share wa majina, ya gaji ubansa. Wai mutane sun gaji da jira, a tafasa taliyar tun da safe, in an zo a watsa ta a kasko minti biyar a miƙa. Ji rashin ta ido! Taliyar da ta sha ruwa ta ƙoshi, ina za ta sa romo? Nunzia ta ce sai dai a nemi wata, hannunta ba zai yi wannan ha'inci ba.

Ya ce to a gwada. Zai soya tasa a kai wa Sabino, tsohon masuncin da kullum yake cin abincin rana a teburin bakin ƙofa, kada kowa ya gaya masa. In ya gane, an bar zancen har abada. In bai gane ba, ta bi sabon tsari ko ta ajiye ludayi. Ta yarda tana dariya, don Sabino ko gishiri ta rage sai ya yi mita.

Ta tsaya a ƙofar kicin ranta a ɓace, tana kallon abin kunyar nan lagwai-lagwai a faranti. Sabino ya kai loma ɗaya, ya dakata, ya yafito ta.

"Nunzia, yau kin canza hannu."

Ta juya ta watsa wa Vitantonio harara.

"Allah ya yi miki albarka," in ji tsohon. "Shekara shida haƙorana ba sa iya tauna waccan. Nauyinki nake ji, shi ya sa nake haɗiye ta haka nan. Don Allah gobe ma irin wannan."

Vitantonio ya sunkuyar da kai, don dai ita ta yi nasara. Nunzia ta koma kicin, takaici ya hana ta ko kunna wuta. Shekara shida tsohon banzan nan yana suɗe faranti, yana yi mata ƙarya.