Ruwan Cikin Ganuwa

A shekarar da jam'iyyu suka cika Gazawa da tutoci, kowa na cewa mulkin soja ya ƙare, saƙo ya iske Isaka a gonarsa ta Gangara cewa yayansa Hayatu na kwance a Katsina. Jikin ya yi tsanani, kuma shi yake ta kira.

Gidan su Isaka sun gaji wata rantsuwa. Kakan kakansu na cikin waɗanda suka fita Katsina da gudu lokacin da Fulani suka ci birnin, ya bar 'ya'yansa a baya, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Da ya samu wurin zama a arewa, ya rantse jininsa ba zai ƙara shan ruwa a cikin ganuwar Katsina ba. Tuni yaƙi ya zama labari, ana auratayya, ana kai wa juna gaisuwa, amma gidansu bai saki ba. Sukan shiga birnin cin kasuwa su fito da ƙishinsu. Hayatu ne kaɗai ya karya, ya auri Saliha 'yar cikin birni ya zauna can. Mahaifinsu bai ƙara ambatonsa ba, kuma a ciwon ajalinsa ya kama hannun Isaka ya sa shi ya maimaita rantsuwar.

Maƙwabcinsa Gidaɗo ne ya raka shi, Bafillacen da ubansa ya ajiye sanda ya ɗauki hauya. A mota, daga shingen jandarma har Ɗankama a tsallaken iyaka, Isaka bai zauna daidai ba. Ya gyara hula, ya leƙa taga, ya sake gyara hula.

"Kai Kaɗo, ƙuma ke cizonka?" in ji Gidaɗo. "Ruwan rijiyata kake sha kullum, kuma kakannina ne suka kore ku. Nawa bai ƙona maka hanji ba."

"Rijiyarka ba ta cikin ganuwa."

"To da mutanen kuke faɗa ko da laka?"

Tambayar ta daɗe tana cin Isaka. Amma wanda zai iya warware masa alkawarin yana ƙarƙashin ƙasa.

Suka sauka a Ƙofar Sauri rana na tsaka. Unguwar su Hayatu na can gefe, inda Isaka bai taɓa zuwa ba. Ya zaci zai bi gindin babban bango. Sai ya tarar ganuwar a wajen ta zama tudun ja, awaki na kiwo a kanta, gaba kaɗan kuma babu ita sam, an kwashe ƙasar an yi tubali. Gidaje sun hau inda take. Ya tsaya yana dube-dube, yana neman inda ciki ya fara. Abin ya ba shi haushi fiye da yadda ya zata.

Saliha ta tarbe su a zaure, idanunta sun yi ja don rashin barci. Ta durƙusa ta gaishe su, ta shiga ta dawo da kwanon sha cike da ruwan randa. Baƙo ya ƙi ruwan gida, ko yaro ya san abin da ake nufi. Ta san rantsuwar, amma ta miƙa.

Gidaɗo ya matso ya rage murya. "Duba can. Layin tudun nan ya ratsa ta tsakar gida. Zauren nan waje yake. Sha abinka, ba ka karya komi ba."

Isaka ya duba. Gaskiya ne. Zauren na waje, ɗakunan na ciki. Zuciyarsa ta yi sanyi na ɗan lokaci, har ya kai hannu. Sai ya tuna da fuskar mahaifinsa, ya san tsohon ba awon ƙasa ya sa shi rantsuwa a kai ba. In ya sha a nan ya yaudari mamaci, ya kuma yaudari mai rai. In ya ƙi, Hayatu zai ji labari kafin ya ga fuskarsa.

"Riƙe tukuna, matar Yaya," ya ce. "Kai ni wurinsa."

Hayatu na kan tabarma, ya rame har Isaka ya yi jinkirin gane shi. Gemunsa ya yi fari fat, irin na mahaifinsu.

"Auta," ya ce da ƙyar. "Ka shigo. An ba ka ruwa?"

"An ba ni, Yaya."

"Ka sha?"

Isaka ya zauna a bakin tabarmar. Ya juya ya karɓi kwanon daga hannun Saliha. Ya yi bismillah, ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya kusa shanyewa. Ruwa ne mai sanyi da ɗanɗanon randa, ba shi da bambanci da kowane.

Hayatu ya rufe ido, hawaye na bin gefen kunnensa. "Baba ya yafe mini kafin ya tafi?"

"Bai yafe ba, Yaya."

Daga nesa ana jin masu tallar fura.

"Yanzu mu biyu ne muka karya rantsuwar," in ji Isaka.

Ya ajiye kwanon. Bai ji nauyin ya sauka ba. Gobe ko jibi zai koma Gangara, inda gwaggonsu Tata za ta dube shi ta tambaya, kuma ba zai yi mata ƙarya ba. Ya kama hannun yayansa, mai zafi kamar dutsen murhu, ya ce wa Saliha ta ƙaro ruwa a jiƙa tsumma.