Wanda Ya Zuba Kaya Shi Zai Ɗauka

Maigidana ne ya ce hutun bana a kan duwatsu za mu yi shi, mu kwana a tanti. Na so mu bar ɗanmu wurin kakarsa, don bai cika shekara uku ba kuma sanyi kaɗan ke tayar masa da tari, amma uban ya kafe sai an tafi da shi.

Ranar haɗa kaya, duk sanda na cusa rigar sanyin yaron da bargonsa cikin jakar baya, ina juyawa sai in gan su a kan gado.

"Baban yaro, wa ke fitar da waɗannan?"

Ya ɗaga jakar yana jinjina nauyinta. "Hawa za mu yi, ba ƙaura ba. A dokar masu hawan dutse, wanda ya zuba kaya shi zai ɗauka."

"To, na ji doka."

Na mayar da rigar da bargon, na ƙara maganin tari, na goya jakar. Sannan na sungumi yaron, wanda ya fi jakar nauyi nesa ba kusa ba, na ɗora wa uban a wuya.

Na ce, "Wannan kuma kai ka sa shi cikin tafiyar."