Surukina a Ƙarƙashin Mota

Shekara sha biyu ina kanikanci, babu motar da ta taɓa sa ni gumi kamar ta surukina, kuma ko noti ɗaya ban kwance mata ba.

Ranar Asabar ya aika in zo in ji wani ƙwanƙwasa da take yi ta baya. Na ɗebo kayan aiki, har da ƙafafun ƙarfe biyu da muke ɗora mota a kai in an ɗaga ta. Ina shiga gidan na tarar aikin gama ya gama. Motar tana sama, tayar baya a jingine da bango, Baba kuma yana kwance a ƙasanta, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

Na durƙusa na gaishe da ƙafafun. Daga nan idona ya kai kan jak ɗin da ya ɗaga motar da shi.

Irin motocin nan ne da kowace tayar baya take da hannaye biyar na ƙarfe, sirara, kowanne da aikinsa. An yi su ne su riƙe taya, ba su ɗauki nauyin mota ba. Wurin sa jak yana gefen bodi, da 'yar alamarsa. Baba kuwa ya kafa nasa a ƙarƙashin hannu mafi siranta, a kan rairayi, babu waigin da zai hana tayoyin gaba gangarawa, babu komai da ya tokare ta. Hannun har ya fara lanƙwasa.

Da wani ne, da tuni na zazzage masa kwandon masifa. Amma suruki ne, ko ido ba na haɗawa da shi. Sai na bi ta bayan gida, na ce motocin zamani sai a hankali. Ya ce shekara talatin yana jan babbar mota, tun ina tsumma yake shiga ƙarƙashin ƙarfe. Na ce gaskiya ne, amma waɗancan gatari ɗaya gare su, ƙarfe mai kauri da ya haɗa tayoyin baya. Ya ce ƙarfe dai ƙarfe ne, in miƙo masa sifana sha bakwai.

Na miƙa, raina yana tafasa. Na zaga na cusa wa tayoyin gaba duwatsu, na jawo ƙafar ƙarfe ɗaya zan zura. Ya ture ta da gwiwa, wai tana tare masa haske.

Sai ya kama noti ya fara ja da ƙarfinsa. Motar ta yi rawa, kan jak ɗin ya zame kamar faɗin yatsa.

Ban san lokacin da na cafki idon sawunsa biyu na finciko shi waje ba. Rigarsa ta naɗe har wuya, hularsa ta yi nata wuri. Daidai nan surukata ta fito da ruwan sha, ta tsaya turus.

Muka zuba wa motar ido mu uku. Ta ƙi faɗuwa. Allah Ya yafe mini, a raina roƙonta nake ta faɗi.

"To, malam makanike," in ji Baba yana kakkaɓe riga, "ga ta nan tsaye."

Na sauke ta, na sake ɗagawa ta inda ya dace a kan katako, na ɗora ta bisa ƙafafun ƙarfe, na girgiza ta na ji ta zauna daram. Na nuna masa hannun da ya lanƙwashe. Ya ce haka ya saye ta, ya shige ɗaki. Sallamata ma surukata ce ta amsa.

Da na isa gida labari ya riga ni. Maiɗakina ta ajiye mini abinci, ta jira sai da na wanke hannu.

"Baba ya ce kada ka ƙara taɓa masa mota," ta ce. "Wai Asabar mai zuwa zai duba ɗaya gefen da kansa."