Mabuɗin Ɗakin Famfo

"Ba ya nan," in ji matar da ke bayan kanta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Jiya ma haka kika ce min, wai jami'in ya tafi taro." Tela ta dafe kantar da hannu biyu. "To ina mabuɗin? Shi ma taron ya tafi?"

"Yana cikin durowarsa, durowar kuma a kulle take. Ki dawo Litinin."

"Litinin? Baiwar Allah, tumatir ya san wata Litinin ne?"

Matar ta ci gaba da danna wayarta. Tela ta ja tsaki, ta fito daga ofishin hukumar birni ranta na tafasa.

Lambun da take magana a kansa yana bayan layinsu. Da juji ne. Hukuma ta kwashe sharar, ta haƙa rijiyar burtsatse, ta gina ɗan ɗaki ta sa injin famfo a ciki, aka raba wa gida talatin fangali ɗai-ɗai. Shekara goma sha ɗaya maƙwabcinta Baba Direba ne ke buɗe ɗakin nan kullum da safe. Ba wanda ya ɗauke shi aiki. Ya yi ritaya daga tuƙin bas, ya ce zaman gida zai kashe shi, sai ya rataya mabuɗin a wuya.

Bana aka turo sabon jami'i, matashi mai fayil a hammata. Ya ce doka ta hana duk wanda ya haura saba'in taɓa inji, Baba kuwa yana da saba'in da huɗu. Ya karɓe mabuɗin, ya ce shi da kansa zai riƙa zuwa yana buɗewa. Sau biyu ya zo. Yau kwana tara ke nan ba a ga ƙeyarsa ba, ga rana kamar ta fasa kai.

A bakin layi Tela ta ci karo da Baba yana tura baro, jarka huɗu a ciki, ya ɗebo daga famfon gidansa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Baba, don girman Allah ajiye baron nan. Yanzu zan kira mai walda ya yanke kwaɗon."

"Kul! 'Yata, shekara talatin ina tuƙa motar hukuma, ko madubi ban taɓa fasawa ba. Yanzu da furfurata za a ce na fasa ƙofa?"

"To su masu fangalin ina suke? Kowa ya ɗauki bokitinsa mana!"

"Suna wurin nema. Ni ne ba ni da oga." Ya yi dariya yana haki. "Ke dai je ki kan keken ɗinkinki. Naki tumatirin ma ya fi na kowa raki, halin mai shi ya ɗauko."

Ta so ta karɓi baron. Amma akwai kayan makaranta dozin biyu da ta yi alkawarin gamawa kafin yamma, sai ta shige shago. Tayar baron tana ƙara, ƙiii-ƙiii, duk wucewarsa ta bakin tagarta tana ji. Sau bakwai ya je ya dawo. A na takwas ya wuce, ta gama wuyan riga, ta gama hannu, ta sa maɓallai, sannan ta ankara ba ta ji dawowarsa ba.

A kife ta same shi tsakanin fangalin albasa da na alayyafo. Jarka ɗaya ta faɗi a gefensa, ruwan na bulbulowa yana bin ƙasa.

Likita ya ce jini ne ya hau, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Washegari da ta je duba shi, matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, tana zaune tana goge masa baki da tsumma. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"An... ba su?"

"An ba su ruwa, Baba. Sun sha sun ƙoshi."

Ba ƙarya ta yi ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Tun da labarin ya bazu, kowa ya fito da bokiti. Mai shago, malamin makaranta, har wata mata da rabonta da fangalinta tun shuka. Ashe duk suna da hannuwa.

Ranar Lahadi da hantsi ya cika.

Ranar Litinin ana zaune a tsakar gidan Inna, sai ga jami'in da fayil ɗinsa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya kamata. Ya ce hukuma ta yi babban rashi, har ma ana shawarar kafa allo a ƙofar lambun da sunan marigayi.

Tela ta miƙe tsaye. "Allon zai ba da ruwa?"

"Hajiya, ki yi haƙuri..."

"Ban je ba tukuna, kar ka ba ni abin da ban samu ba. Ina ka shiga kwana goma sha biyu?"

"An tura mu horo ne. Kuma wallahi dokar nan don lafiyarsa aka yi ta, kar inji ya ji masa rauni."

"Don lafiyarsa! Kun hana shi danna maɓalli da ɗan yatsa, kun bar shi da jarka huɗu a tsakar rana! Sau uku ina zuwa ofishinku kamar mai bara. Mabuɗi a durowa, durowa a kulle, mai durowa a horo. Me aka koya maka a can?"

Mijin Tela ya ce daga bakin ƙofa, "Ke, ya isa haka, gidan rasuwa ne."

"Bai isa ba! Kai ma ta gabanka ya wuce da baron." Ta nuna ƙirjinta da yatsa. "Ni ma ina jin sa. Sau bakwai ina jin sa, ina ɗinka maɓalli."

Inna ce ta ɗago, idanunta a bushe.

"Ɗan nan, mabuɗin yana wurinka?"

Ya laluba aljihu ya ciro.

"Ba ta."

"Inna, akwai takardar da sai an cike..."

"Ba ta, na ce."

Ya miƙa. Tela ta fizge, ta zura takalmanta ta fita ba ta waiwayi kowa ba.

Kwaɗon ya buɗe ba gardama. Ta danna maɓallin, injin ya yi tari sau biyu ya kama, ruwa ya fara bin ƙananan hanyoyin da ke tsakanin fangali. Duka-duka aikin bai kai minti ɗaya ba. Ta tsaya tana kallon yatsanta, ta ji kamar ta rushe ɗakin da hannu.

Ta bi ruwan har ƙarshen lambu inda nata fangalin yake. Rabonta da ta duba shi da kyau ta manta. Kowane tushen tumatir an kafa masa sanda, an ɗaure shi da tsumma shuɗi, sako-sako don kar ya shaƙe reshen. Ta tsuguna ta taɓa ɗaya. Idon tela ba ya ɓata yadi: tsohuwar rigar aikin direbobi ce aka yayyaga. A jikin wani ƙullin har da saura rabin aljihu.

Ruwan ya iso, ya zagaye takalmanta, ya shige ƙarƙashin ganyen. Ba ta matsa ba.