Tuwon Alkama na Maƙwabci

Badaru ya dawo Gaya daga Kano da gogewar ɗaukar faranti a wani gidan abinci, da kuma wani darasi da ya tsinta a waya. Mai darasin, wani mutum mai ƙaramin gemu da babbar murya, ya ce kada ka sayar wa kowa da kowa. Ka nemi mutanen da ba wanda ya kula da su, ka zama nasu. Badaru ya saurari bidiyon har ya haddace inda mutumin yake tari.

Ya zagaya gari ya ga shinkafa da wake, taliya, ɗanwake, duk akwai masu yi. Babu mai dafa wa masu ciwon suga. Ya tuna yadda marigayi mahaifinsa yake zama gaban kwano yana kallon abin da likita ya hana shi, sai Badaru ya ce ai ya samu nasa mutanen. Ya kama shago kusa da tasha, matarsa Khaula ta karɓi girki: tuwon alkama, faten wake, kwaɗon zogale, shayi ba suga. Ya sa aka rubuta allo ja wur, wanda na kan babur ma zai karanta: ABINCIN MASU CIWON SUGA.

Ranar buɗewa ya sa farar shadda ya tsaya bakin ƙofa. Mutane suka karanta allon, suka yi masa fatan alheri daga nesa, suka tsallaka titi wurin Hajiya Talatu mai shinkafa da mai da yaji. Wani direba ya shigo neman ruwan alwala, abokansa suka bi shi da "Allah ya ƙara sauƙi" har ya koma mota.

"Baban Muhsina," in ji Khaula bayan an kwana biyu, "mu ɗora 'yar shinkafa ko tukunya ɗaya ce."

"In muka ɗora shinkafa mun zama kowa," ya ce, da muryar mai bidiyo.

"Kowa dai yana ciniki."

Da azahar Badaru ya zagaya ta bayan tasha ya sayi shinkafar Hajiya Talatu, ya ci a tsaye, ya goge baki sosai kafin ya dawo, don shi kansa tuwon alkamar ya ishe shi.

Wata ranar kasuwa aka ƙwanƙwasa tagar baya, wadda Khaula take zubar da ruwan wanke-wanke ta cikinta. Baffa Inuwa ne, wani dattijo manomi daga Toranke, abokin mahaifin Badaru, riƙe da kwano a cikin leda.

"Baffa, ka zagayo ta gaba mana, ga kujera."

"A'a, sauri nake. Ba nawa ba ne. Maƙwabcina ne, Malam Hamma, sugan ya kama shi, yana jin kunyar zuwa. Ka zuba masa tuwon, miya da yawa. Yana son yaji."

Badaru ya zuba. Ta tagar ya hango Baffa ya zauna gindin darbejiya, ya juya wa titi baya, ya wanke hannu.

Daga nan tagar ta fara aiki. Wannan na surukarsa ne, wancan na wani bawan Allah a Gafasa, wata malamar makaranta kuma ta ce na mai gadinsu ne. Kujerun shago suna nan fes ba mai zama, Khaula kuwa ta ƙara tukunya. Badaru, wanda ya yi mafarkin tarbar baƙi da farar shadda, ya koma miƙa kwano ta saman kwata yana tambayar jikin mutanen da bai taɓa gani ba.

Ana haka wani dogon mutum ya zo tagar, ya ce shi ne Hamma daga Toranke.

"Malam, ya jiki?" in ji Badaru da fara'a.

"Wane jiki? Lafiyata ƙalau. Na Inuwa zan karɓa, maƙwabcina. Shi ne ba lafiya, ba ya so a sani."

Badaru yana cikin zuba miya Baffa Inuwa ya shawo kwana da tasa ledar. Dattawan biyu suka tsaya, kowa ya kalli kwanon ɗan'uwansa. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka tambayi gero, suka koma kan tsadar taki suka daɗe a wurin. Can Baffa Inuwa ya ce, "Kai ma likitan nan mai tabarau ne ya gan ka?"

"Shi ne. Har shayi ya raba ni da shi."

Suka tafi gindin darbejiya tare, suka ci, babu wanda ya juya baya.

Da yamma Badaru ya ari tsani ya sauke allon da kansa. Yana saukowa ya gane cewa mai bidiyo bai yi ƙarya ba. Mutanen suna nan, kuma nasa ne. Shi ne ya ɗauka dattijon da ya aurar da 'ya'ya zai zauna ƙarƙashin sunan cutarsa da jan fenti, a bakin tasha, ranar kasuwa. Ya sa aka rubuta ƙarami: TUWON ALKAMA. A hankali kujeru suka fara samun masu zama, kowa yana cewa shi dai alkama yake so tun yana yaro.

Bayan damina ƙungiyar matasan Ajingi ta gayyace shi ya yi musu bayanin yadda ya gano kasuwar da ba kowa. Ya yi magana mai tsawo kan hangen nesa da nazarin jama'a, aka tafa masa. Khaula, da ta raka shi don ta biya gidan yayarta, tana zaune a baya ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. A mota ya ce mata ai ba komai ake faɗa a taro ba. Ta ce haka ne, ta miƙa masa gyaɗa.