Kwikwiyon da Jar Akuya Ta Shayar

A kakar shekarar da aka samu mulkin kai, tun tutar nan mai kore da fari tana sabuwa a ƙofar gidan dagaci, wani dila ya sa awakin Indo a gaba. Indo mace ce da ta manyanta, tana zaune a gefen Gubuchi ta wajen fadama. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna ɗakunansu, kuma bayan Allah ba ta da madogara sai daddawar da take yi da 'yan awakinta. Dilan nan kuwa ko kunya ba ya ji. Da rana tsaka yake fitowa daga cikin rake, ya sure ɗan akuya, ya koma abinsa.

Ranar da ya ɗauke ɗan jar akuyarta, wadda ta fi so duk a cikin garken, Indo ta zauna a bakin murhu ba ta ko hura wuta ba. Akuyar na ta kewaya gida tana kuka, hantsarta ta cika tam. Sama'ila, ƙanin marigayi mijinta, ya shigo jaje.

Ya ce, "Yaya Indo, ki sayar da su ki huta. Ke ba ƙafar bin su daji gare ki ba."

Ta ce, "In na sayar, sai in ci me baɗi? Kare zan nemo."

"Kare? A gidan nan?" Ya yi dariya har yana riƙe hula. "To wane karen? Na garin nan da ke gudu in kaza ta buɗe fiffike?"

"Na Ɗan'azumin Taba."

Sai dariyar ta tsaya. Daga Kudan har Ikara babu mafaraucin da bai san karnukan Ɗan'azumi ba, dogaye masu siririn ciki da faɗin ƙirji. An kuma san ba ya ba kowa, sai wanda ya yarda da shi. Sama'ila ya ce ko maza suna dawowa hannu biyu daga can, balle ita. Indo dai ta fara shirin tafiya. Ranar kasuwar Makarfi ta roƙi maƙwabciyarta Rahmatu ta kula mata da awaki, ta ɗaure zakara da ƙullin daddawa, ta shiga mota zuwa ƙauyen Taba.

Ta sami Ɗan'azumi a ƙarƙashin wata tsamiya yana gyaran kwari, karnukansa kwance kewaye da shi. Suka gaisa, ya tambayi hanya da gajiya da mutanen Gubuchi, ta tambayi iyali da yadda aka ji da kaka. Sai da aka kawo mata ruwa ta sha sannan ta faɗi abin da ke tafe da ita.

Ya ce, "Baiwar Allah, kin yi tafiyar banza. Karyata ta haihu, gaskiya ne, amma duk na yi alkawarinsu ga mafarauta tun suna ciki."

"To a bar ni in gan su mana, ko na sami abin faɗa a gida."

Ya kai ta bayan rumbu. Karyar na kwance a kan wani tsohon buhu, 'yan kwikwiyo sun rufe cikinta suna tsotso, kowanne ya yi ɓul-ɓul. Can gefe, kusa da dutsen da ya tallafi rumbun, akwai wani ɗan baƙi mai farin wuya, haƙarƙarinsa duk a waje. Ya rarrafo zai kama nono, 'yan'uwansa suka ture shi, uwar ma ta kau da kai.

Indo ta ce, "Wannan fa, na wa ne?"

"Wannan na Allah ne. Shi ne auta, uwar ta ƙi shi. Bai isa cin tuwo ba, nono kuma ba ya samu. Ba zai ga wata mai zuwa ba."

Ta durƙusa ta miƙa masa yatsa. Ya kama da ƙarfin da ba ta zata ba, yana tsotsa yana gurnani.

Ta ce, "Malam, ina da akuyar da dila ya raba da ɗanta. Nono har zuba yake."

Ɗan'azumi ya dube ta, ya dubi kwikwiyon. Daga nan ya ce ya taɓa ganin an yi haka a wata ruga, kuma karen da ya tashi a kan nonon akuya ba ya rabuwa da awaki har ya mutu. Ya gargaɗe ta kada ta sa shi a ɗaki don tausayi, ta bar shi ya kwana cikin awaki, ya ɗauki warinsu. Ta miƙa zakara da daddawa. Ya ce shi ba ya sayar da kare, amma daddawar Gubuchi ba a mayar da ita. Ya karɓi daddawar, ya bar mata zakaranta da kwikwiyon.

Ta shimfiɗa tsumma a cikin ƙwarya, ta kwantar da kwikwiyon, ta rufe da faifai, ta ɗora a ka har bakin titi. Motar da ta samu mai bodin katako ce, cike da buhunan gyaɗa da 'yan kasuwa. Ba su yi nisa ba kwikwiyon ya fara kuka. Mutane suka shiga waige-waige suna janye riguna. Karen motar, wani ƙato mai jajayen idanu, ya tsallako buhuna ya ɗaga faifan.

Ya ce, "Iya, sauka za ki yi. Ba ma ɗaukar kare a motar nan."

Indo ta san in aka sauke ta a wannan rana, kwikwiyon ba zai kai Gubuchi da rai ba. Amma ta dake, ta dube shi sama da ƙasa.

Ta ce, "Ikon Allah. To kai ɗana, me ake kiran aikinka?"

Sai aka fashe da dariya gaba ɗaya, har direba ya leƙo yana tambayar abin da ya faru. Wani malami da ke zaune a kan buhu da gafakarsa ya tambaye ta me za ta yi da shi. Da ta faɗa, ya ce ai kare don tsaron dabbobi da gona shari'a ba ta hana ba, a dai kula da tsarki. Karen motar ya mayar da faifan da kansa, yana ƙunƙuni yana murmushi, ya ce ta matsa inda inuwa take.

La'asar sakaliya ta isa gida. Kwikwiyon ya yi laushi, ko kuka ba ya iyawa. Ba ta ko ajiye mayafi ba ta kira Rahmatu ta riƙe mata ƙahon jar akuya. Akuyar na jin warin kare ta yi tsalle, ta yi harbi, saura kaɗan ta taka shi. Indo ta tatsa a tafin hannu ta ɗiga masa a baki, ya haɗiye da ƙyar. Sama'ila, da ya ji labari ya zo kallo, ya tsaya a bakin zaure.

Ya ce, "Wannan ne karen Taban? Ai ɓera ma ya fi shi auki."

Rahmatu ta ce, "Bar su, Indo, ci gaba da abinki."

Indo ta ce, "Kin raɗa masa suna." Daga ranar ake kiransa Barsu.

Kwanakin da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. Safe da yamma sai an ɗaure akuyar, an toshe mata baki da dusa, sannan Barsu ya samu ya sha. Indo ta riƙa shafa masa nonon a baya da ka, tana goga shi a jikin akuyar, har ta fara shinshina shi maimakon tunkuri. Wata safiya Indo ta fito da igiya a hannu, sai ta tarar akuyar tsaye tana tuƙa, ta buɗe ƙafafu, Barsu na ƙasa yana sha, wutsiyarsa na kaɗawa. Ta jingina da bango ta yi ta kallonsu, hawaye na zubo mata, tana hamdala.

Barsu ya miƙe. Da damina ta zo aka ɗaure awaki, a gindin turakunsu yake wuni. Kafin a sake sakin dabbobi ya zama dogon kare mai faɗin ƙirji irin na gidansu, amma duk inda jar akuya ta sa ƙafa nan yake sa tasa. Ba ya bin mutane kasuwa, ba ya shiga ɗaki.

Wata rana da hantsi Indo na tsintar kara a bakin fadama, awaki na kiwo kusa da rake, jar akuya da sababbin tagwayenta a gefe. Sai ta ga ganyen rake na motsi. Kafin ta buɗe baki dila ya fito a guje ya nufi tagwayen. Barsu ya taso daga cikin awaki kamar an harbo shi, ya tare shi da ƙirji, suka kife tare. Ƙura ta tashi, suna birgima suna cizon juna, Indo na gudu da kara a hannu tana kiran sunansa. Dilan ya ƙwace da ƙyar, yana jan ƙafar baya, Barsu ya bi shi har cikin rake. Masu saran rake suka ce sun ga ya kore shi har ƙetaren rafi.

Barsu ya dawo da kunne a yage, jini na ɗiga, ya bi awakin ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa, sannan ya kwanta yana haki. Indo ta wanke masa kunnen da ruwan gishiri, ta dama masa fura da nono mai kauri a kaskonsa.

Kafin azahar labari ya gama Gubuchi. Mata suka yi ta shigowa barka, wasu da tambayar ko za a bar tumakinsu su riƙa fita tare da awakinta. Indo ta ce kowa ya kawo, amma a fara kawo su da yamma su kwana biyu a gidan, don Barsu ya san warinsu tukuna.