Katakon Ƙofar Baya

Malamin aji biyar bai ajiye allin ba, da shi a hannu ya fito da gudu. Maigadi yana biye da shi yana haki, yana maimaita abin da ya faɗa a ƙofar ofishin malamai: yaran ajinsa suna ƙofar baya, katako ya karye, shi dai ƙara ya ji.

"Wa ya faɗa?"

"Ban tsaya dubawa ba, Malam."

Kwatar da ke bayan makarantar faɗinta taku biyu ne, zurfinta ya kai ƙirjin babban mutum, ƙasanta siminti. Katako ɗaya aka gicciya a kanta. Ta nan yaran unguwar baya suke shigowa, ta nan 'yan ajin raino suke fita idan an tashi. Shi ma ta nan yake bi kullum.

Ya tarar da su jere a bakin kwatar, kowa ya leƙa ciki. Bai tambayi kowa komai ba. Ya fara ƙirga kawuna. Talatin da ɗaya. Ya sake ƙirgawa daga ɗaya gefen, yana taɓa kan kowane yaro. Talatin da ɗaya. Sannan ya leƙa. Katako ya rabu biyu, bulo biyar suna kwance cikin baƙin ruwa. Babu takalmi, babu jini.

Ya zauna a ƙasa, a nan inda yake. Allin ya dagargaje a tafin hannunsa.

Monitar ajin ta matso, siririyar yarinya mai tabo a haɓa, rungume da littafi. "Malam, a na biyar ya karye."

"Wa ya hau kai?"

"Ba kowa. Ai kai ka ce ba a ɗora mutum a kan abin da ba a gwada ba. Da sandar Baba maigadi muka riƙa turo bulon zuwa tsakiya."

"Au, shi ya sa na nemi sandata na rasa," in ji maigadi.

Gaskiya ne, shi ya faɗa. Sati shida ke nan yana faɗa, duk ranar Alhamis. Ya sa su haɗa gada da tsinken tsintsiya da zare, su ɗora ta tsakanin benci biyu, su rataya gwangwani a tsakiya, su yi ta zuba yashi har ta karye. Sai su rubuta yawan yashin da ta ɗauka, a ina ta fara bayarwa. Ya nuna musu yadda kusurwa huɗu take karkacewa, kusurwa uku ta ƙi. Ya koya musu cewa karyewa ba abin kunya ba ne, labari ne abin yake ba ka. Abu ɗaya ne bai taɓa faɗa ba, don bai zo masa a rai ba: cewa kayan mutane sai da izini.

Zangon gwaji yake yi a makarantar. Jibi shugabar makaranta za ta faɗa masa ko ya zauna ko ya tafi. Tun farko darasin Alhamis bai kwanta mata ba. Iyaye uku sun riga sun kawo ƙara cewa tsintsiyar gidansu tana ramewa. Shekara biyu ya yi yana karatun injiniya kafin ya dawo gida bai ƙarasa ba, kuma wannan awa ɗayar ce kaɗai a mako take sa ya ji shekarun ba su tafi a banza ba.

Duk da haka, da aka ce shugaba tana kiransa, ya miƙe jikinsa sakayau. Talatin da ɗaya. Sauran duk mai sauƙi ne.

A ofis ya sami shugaba a tsaye bayan teburinta, kafintan makarantar kuma yana zaune a kujerar baƙi, fensir a bayan kunne. Yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya yi duk wani benci da ke makarantar. Monita ta biyo malamin ba tare da an kira ta ba, ta tsaya jikin ƙofa.

"Malam, zauna," in ji shugaba. Babu wata kujerar, sai ya ci gaba da tsayuwa. "Kai ka aike su?"

"A'a, ranki ya daɗe. Amma ni na koya musu."

"Ka ji ko," in ji kafinta. "Shekara bakwai katakon nan yana nan, bai taɓa ce wa kowa komai ba. Yau an kawo mana mai koyar da ɓarna. Gobe rufin ajin za su gwada, Auta."

"Yaya, a ofis muke."

"To, Shugaba. Gobe rufin ajin za su gwada."

Ta juyo ga malamin. "Bulon ma na ginin banɗaki ne. An bar makaranta babu hanyar baya, ga 'yan raino za su tashi ƙarfe ɗaya. Da bulo ya faɗo wa wani a ƙafa, me zan ce wa uwarsa? Cewa darasi ne?"

Ta mayar da kallonta kan monita.

"Ke, me kike riƙe da shi kamar za a ƙwace?"

Monita ta miƙa littafin da hannu biyu. Shugaba ta sa tabarau. An ja layi da rula, gida biyu: suna a hagu, bulo a dama.

"Mene ne wannan?"

"Nauyin mutane ne, Shugaba. Ba mu da sikeli, sai muka je lilon katako na 'yan raino. Mutum ya zauna a gefe ɗaya, mu jera bulo a ɗaya gefen har su daidaita."

Shugaba ta karanta a bayyane, a hankali. "Ɗan raino, bulo ɗaya. Ɗan aji biyar, bulo biyu. Baba maigadi, uku da rabi." Ta ɗago kai. "Har shi ya hau lilon?"

"Ya ce kada mu faɗa."

Kafinta ya yi tari ya kau da kai. Shugaba ta mayar da ido kan littafin.

"Shugaba, bulo shida," ta karanta. "Ni yaushe na hau?"

"Kiyasi ne," in ji yarinyar, idonta a ƙasa. "Wasu sun ce bakwai. Muka kaɗa ƙuri'a."

Kafinta ya kasa riƙewa, dariya ta ƙwace masa har fensirin ya faɗo. Malamin ya kafa ido a kan kalandar bango, yana cizon cikin kumatunsa.

"Me ya kai ku katakon tun farko?" Muryar shugaba ba ta canza ba.

"Ƙanena yana ajin raino. Su ba sa wucewa ɗaya ɗaya. Riƙe hannu suke yi, su huɗu, su biyar, su tsaya a tsakiya suna tsalle don yana lilo da su. Shekaranjiya na ji ya yi ƙara. Shi ne muka ce bari mu ga nawa zai ɗauka."

"Biyar," in ji shugaba, kamar da kanta take magana.

"A na huɗu ya fara kuka. Mun rubuta."

Shugaba ta cire tabarau. "Yaya, tashi mu je."

Da kansa kafinta ya naɗe ƙafar wando ya sauka kwatar, ya miƙo rabin katakon. Samansa lafiya lau, har sheƙi yake yi saboda tafin ƙafafu. Ya juya shi. Ya sa babban yatsa a inda ya karye, yatsan ya shige kamar cikin burodi. Gari ya zubo, 'yan farare suka watse.

"Gara," ya ce. Ya ƙara latsawa a wani wurin, nan ma ya burma. "Ta ƙasa ta ci shi. Itacen dai mai kyau ne, ni na zaɓe shi." Ba wanda ya yi masa gardama. Ya daɗe yana kallon abin da ke hannunsa.

Shugaba tana kallon ƙasan kwatar, simintin da bulon suka fasa. Daga ajin raino ana jiyo yara suna rera ƙirga.

Malamin ya san idan ya yi shiru yanzu ya tsira. Ya ji maganar tana taso masa duk da haka.

"Ranki ya daɗe, na san yana lanƙwasa."

Ta juyo.

"Kullum ta nan nake bi. Tun da aka yi ruwan nan na ji ya canza. Sai na riƙa taka gefe ina sauri."

"Ka gaya wa wa?"

"Ba kowa."

"Saboda?"

Ya dubi kafinta, ya dubi ƙasa. "Sabo ne ni. Katakon kuma na Yaya ne."

"Yayan wa?" in ji kafinta, amma babu zafi a muryarsa.

Shugaba ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce a kulle ƙofar baya, 'yan raino su fita ta gaba yau, ta juya ta tafi da littafin a hannunta.

Ya koma aji ya koyar da lissafi. Yaran sun yi tsit fiye da kullum. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya tambaya ko za a kori Malam. Malamin ya ce a buɗe shafi na arba'in.

Saura minti ashirin a tashi sai maigadi ya leƙo, ya ce ana kiransa a ƙofar baya, shi da yaransa duka.

Kafinta ya gicciya sabon katako, mai kauri, ƙamshin zarto bai bar shi ba. A ƙarƙashi ya kafa masa tokara biyu da suka haɗu a tsakiya. Yana tsaye a gefe, hannu harɗe a ƙirji, guduma a ƙugu. Shugaba tana inuwar katanga.

"Ba zan buga ƙusa ba sai malaman nan sun duba," in ji kafinta, yana nuna yaran da haɓa. "Ku kawo bulon naku. Ke mai littafi, rubuta da kyau."

"Kusurwa uku ya yi a ƙasa," wani yaro ya raɗa wa na kusa da shi.

"Tun ba a haifi malaminku ba nake yin ta. Ban dai san tana da aji ba."

Shugaba ta miƙa wa monita littafinta, ta yafito malamin.

"Daga yau duk abin da za su gwada, a rubuto min tukuna. Kai ka sa hannu, ni na sa, kana tsaye a wurin. Abin da ƙafarka ta ji kuma, bakinka ya faɗa." Ta gyara mayafinta. "Zango mai zuwa ka haɗa da aji huɗu. Tsintsiya kuma makaranta za ta saya, a bar ta mutane."

Ya ce, "To, ranki ya daɗe." Numfashin da ya saki ya fi maganar tsawo.

Maigadi ya ba da sandarsa da kansa. Yaran suka riƙa turo bulo, suna ƙirgawa tare. Ɗaya. Biyu. A na biyar kowa ya yi shiru, katako bai ce komai ba. Suka turo na shida, ya zauna daram. Monita ta ja layi a littafi, ta saci kallon shugaba, ta fara rufewa.

Shugaba ta dubi bulon, ta dubi katakon.

"Ku ƙara ɗaya," ta ce.